Ranar da Hajiya Ta Sake Alwala

Da damina aka tura ni ɗakin gaggawa na yara, kuma duk wanda ya yi aikin asibiti a Kano ya san wanda aka tura can da damina ba gata aka yi masa ba. Ina tsakiyar horon ƙwarewa a kan lafiyar yara a lokacin. Yadda abin yake, juya mu ake yi daga sashe zuwa sashe: ka yi 'yan watanni a ɗakin jarirai, ka yi a ɗakin masu tamowa, ka zauna wajen ganin marasa lafiya na yau da gobe, sannan a jefa ka gaggawa. Ni daga ɗakin jarirai na fito, inda ake cire takalmi a bakin ƙofa ana magana ƙasa-ƙasa. Sai ga ni da safe a ɗakin da kowane gado yake da yaro, wani gadon ma biyu, iyaye mata sun jiƙe da ruwan sama, fanka tana juyawa ba ta maganin komai, kuka kuwa ta ko'ina. Ni kuma Allah ya yi ni da saurin fushi da ƙin hayaniya. Na tsaya a ƙofa na ce a raina, yau na shiga uku.

Babban likitan da yake koyar da mu a sashen, Malam muke ce masa. Gajere ne, kullum da hularsa, kuma yana yawo da tarin makullai a aljihu waɗanda rabinsu ba sa buɗe komai, don kaɗa wa yara kawai yake riƙe su. Ya same ni a ƙofar nan ina yamutsa fuska, bai ko bari na ajiye jakata ba ya tambaye ni wane yaro zan fara zuwa wajensa. Na nuna wani da yake tsala ihu yana shure-shure har uwarsa ta kasa riƙe shi. Malam ya yi dariya ya ce wannan ai yana da ƙarfin da zai zage ni ma in ya ga dama, zai iya jira. Ya juya ni da hannunsa zuwa lungu, inda wata yarinya take kwance a cinyar uwarta ko motsi ba ta yi.

"A ɗakin nan kuka albishir ne," in ji shi. "Wanda ya yi shiru, shi za ki ruga wa."

Darasina na farko ke nan, kuma shi ya sauya mini kunne. Kafin a jima na koma in na shigo da safe na ji ɗakin ya kaure da kuka sai hankalina ya kwanta.

Mu biyu aka tura tare, ni da wata abokiyar karatuna. Haifaffiyar Sabon Gari ce, iyayenta daga kudu maso gabas suka zo tun kafin a haife ta, babanta yana sayar da kayan gyaran mota, mamarta tana da shagon atamfa. Hausarta kuwa ta Kano ce tsantsa, har gyara mini take yi don tsokana. Ina ce mata 'yar Sabon Gari, tana ce mini 'yar Fagge, kuma haka ma'aikatan ɗakin suka ɗauka har Malam. Doguwa ce mai sanyin hannu. In yaro ya zo jikinsa ya bushe da gudawa, jijiya ta ɓuya, ni sai in soka in rasa, in sake in rasa, zuciyata ta fara tafasa. Ita kuwa sai ta ja kujera ta zauna, ta kama ɗan hannun tana rera waƙar coci a maƙoshi, kafin ka ankara jini ya leƙo a allura. Abin da ba ta iya ba shi ne tsofaffi. Kaka in ta kafe ta ce ba za a ɗebi jinin jikanta ba, ko ba za a zura masa roba a hanci ba, 'yar Sabon Gari sai ta hau bayani da hujjoji, tsohuwa tana ƙara ɗaure fuska. Ni kuma na tashi a gidan da tsofaffi suka fi yara yawa, na san sai ka durƙusa ka gai da mutum, ka tambayi gida da ƙafa da ruwan jiya, sannan ka zo kan magana. Sai muka raba aiki. Ta ce ita ta kama jijiya, ni in kama kaka.

Wallahi na ji daɗin watannin nan, duk da gajiyar da ke cikinsu. Babu inda ake ganin sauƙi da ido kamar wajen yara. A kawo maka yaro da hantsi ya langaɓe, ido ya faɗa, ka sa masa ƙarin ruwa, kafin la'asar ka same shi yana kokawa da yayarsa a kan biskit. Akwai wanda aka kawo gida guda suna salati, ashe ƙwayar gyaɗa ya tura a hanci, da muka ciro ta kuma ya miƙa hannu a ba shi abarsa. In mun samu sarari da rana sai mu shige ɗan ɗakin likitoci, ita ta buɗe kular sakwara da miyar agushi da mamarta ta zubo, ni in buɗe ɗanwaken Inna, mu yi musaya, kowa tana kushe na gidansu tana cinye na ɗayar. In an tashi kuma sau da yawa adaidaita ɗaya muke hawa, mu bi ta Titin Ibrahim Taiwo, ta sauka ta nufi Sabon Gari, ni in wuce Rijiyar Lemo.

Sai na faɗi wani abu game da Inna, don labarin ya zauna daidai. Ni ce 'yarta ta fari, kuma Inna ta mutanen da ce. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakinta ba. In tana nemana sai ta ce "ke", in tana ba wani labarina ta ce "waccan". Ƙannena ta rungume su, ta yi musu kitso tana hira, ni kuwa wajen kakata na fi zama. Ban taɓa ɗaukar abin da zafi ba, haka na ga ana yi a kowane gida a layinmu. Ranar da na gama makarantar likita ma ina ganin Inna ta fi kowa samun sauƙi, domin ta samu abin kirana. Tun daga ranar na zama Likita, ko aike za ta yi mini sayo barkono.

Wata rana da hantsi, ana tsuga ruwa, aka shigo da wani yaro ɗan shekara biyu da wani abu. Wata dattijuwa ce ta saɓo shi a kafaɗa, mace mai jiki da kwarjini, kana ganinta ka san daga gidan malamai ta fito. Bayanta wata matashiya ce riƙe da takalman yaron da filas. Yaron yana jijjiga, jiki zafi rau, ido ya kakkafe, kuma babu kuka. Muka ruga. Muka tsayar da jijjigar, muka duba sugansa, 'yar Sabon Gari ta samu jijiya a ƙafa, gwaji ya nuna zazzaɓin cizon sauro ne, kuma ya riga ya taɓa ƙwaƙwalwa. Aka fara allurai, daga baya aka ƙara masa jini. Ni na zauna da dattijuwar, wadda kowa ya shiga ce wa Hajiya, tana ba ni labarin yadda ciwon ya fara. Kakarsa ce ta wajen uba, daga cikin Fagge suke, kuma tun da aka yaye shi a ɗakinta yake kwana. Ban tambayi wace ce uwar ba. Duk ɗakin mutum ɗaya ce ba ta kalli gadon ba, ta kafa ido a kan takalman da ke hannunta. Ɗan fari ne, kuma sunan surukinta aka sa masa, kunya ta zama biyu.

Shugabar nas-nas ɗin ɗakin, Sista Babba, tana da doka da ba ta ɗaga wa kowa: mutum ɗaya a bakin kowane gado. Gaskiyarta ne, in ba haka ba ko wurin taka ƙafa ba za mu samu ba. Hajiya ta ja kujerar roba ta zauna a wajen kan yaron da carbinta, ba wanda ya yi tunanin wani abu daban, har ni. Uwar ta koma baranda. Ita ce wankin zannuwa, ita ce karɓo magani, ita ce kawo wa Hajiya kunu da ruwan zafi. Gadon a bakin taga yake, sai in riƙa hango ta a tsaye a waje ta jingina da bango, kamar mai jiran wani, tana satar kallo ta tsakanin ƙarafan taga. In na fito ta gaishe ni a ladabce, idonta a ƙasa, ta ce, "Likita, ya mai jikin?" Ba ta taɓa cewa ɗana ba. Mijinta malamin makaranta ne, yana zuwa in an tashi, shi ma daga nesa yake tsayawa ya gai da mahaifiyarsa ya fita.

Maganin ya yi aiki. Bayan 'yan kwanaki zazzaɓin ya sauka, jijjigar ta tsaya, numfashinsa ya daidaita. Wata safiya ya buɗe ido, na kusa yin tsalle. To amma murnar ba ta je ko'ina ba, domin idon a buɗe yake kawai. In na haska tocila na kai ta dama na kai ta hagu, ba ya bi. In an tafa hannu a kusa da kunnensa, ko ƙiftawa. Ta robar hanci muke ba shi madara. Malam ya zo ya kaɗa makullansa a wannan kunne, ya kaɗa a wancan, shiru. Hajiya tana ta yi masa wasan kaka da jika, tana ce masa maigidana, tashi ka ba ni kuɗin cefane, maigidana ka bar ni da yunwa. Ta kira sunansa na yanka, ta kira laƙabinsa, ta tofa masa addu'a. Baffanninsa da gwaggonninsa suka riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya kowa yana gwada tasa muryar. Yaro yana kallon silin.

Malam ya ja mu gefe a baranda ya yi mana bayanin abin da muka riga muka karanta amma ba mu taɓa gani a gabanmu ba. Ya ce irin wannan zazzaɓin wani lokaci in zai tafi yakan tafi da ji, ko gani, ko magana. Wasu yaran abin yana dawo musu a hankali, wasu kuwa shi ke nan. Ya ce bai kamata a bar mutanen nan cikin duhu ba, gobe in ya zo babban zagaye za a zaunar da su a gaya musu su shirya wa kowanne. Sannan ya dube ni ya ce tunda ni ce mai kama kaka, ni zan yi maganar, shi zai tsaya a bayana. Na ce to. Ya zan dubi Hajiya in ce mata wataƙila maigidanta ba zai sake jin muryarta ba? Ya zan faɗa, waccan tana tsaye a taga tana ji?

Ranar na koma gida a fusace. Na yi wa mai adaidaita masifa a wajen tashar jirgi don kawai ya faɗa rami ya fantsama mini ruwa, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri. Inna ta ajiye mini tuwo, na tsakura na ture. Ba ta tambaye ni komai ba, sai ji na yi tana ce wa ƙanwata a rage ƙarar rediyo, Likita ta gaji.

Washegari da sassafe, kafin Malam ya iso, muna ɗan ɗakinmu ina juya shayi ina haɗa kalmomin da zan faɗa, sai 'yar Sabon Gari ta ce ita fa akwai abin da ya tsaya mata a rai. Ta ce ta lura kowa ya kira yaron nan, kaka ta kira, baffanni sun kira, mu mun kira, har mai shara ta gwada, saura mutum ɗaya. Na gane inda ta dosa, raina kuwa ya ɓaci nan take. Na ce haba 'yar Sabon Gari, a garin nan aka haife ki, kin san ɗan fari ne, kin san sunan wa yake ɗauke da shi, so kike in je in kunyata yarinya a gaban uwar mijinta? Na ƙara da cewa ai yaron ma ya fi sabawa da kakarsa, in bai amsa mata ba wa zai amsa wa. Ta bar ni na gama faɗana tas, tana shan shayinta. Ta saba da ni.

"Na san kunyar, 'yar Fagge, da ita na tashi a maƙwabta," ta ce. "Amma kunya ta gaban mutane ce. Ke a ganinki duk watannin da ta yi tana shayar da shi, su biyu a ɗaki, shiru take yi masa?"

Mu duka, ni da Malam da Sista Babba, mun ga yarinyar nan a taga kullum, kowannenmu ya gane dalilin tsayuwarta, kuma saboda mun gane ɗin ne muka girmama ta muka bar ta a can. 'Yar Sabon Gari ta ajiye kofi ta ce ita nata jijiya ce, kaka aikina ce, in tashi.

Kai, ban taɓa jin nauyin wata magana kamar wannan ba. Ba a ce wa babba tashi ki ba surukarki wuri ta yi wa ɗanta wasa. Na je na sami Hajiya ta idar da sallar walha a gefen gado, ko dardumar ba ta naɗe ba, gefen mayafinta ma da danshin alwala. Na durƙusa na gaishe ta. Na tambayi kwanan asibiti, na tambayi ƙafarta da take kuka da ita, na tambayi mutanen gida. Na yi ta kewaye har na ji kunyar kaina. Daga ƙarshe na ce akwai sauran gwaji ɗaya da muke so mu yi kafin babban likita ya zo, ba na allura ba ne, na murya ne, kuma an fi so a samu muryar da yaro ya fara sani tun yana nono. Ina faɗa ina kallon carbinta, don ban iya kallon fuskarta ba.

Hajiya ta dube ni, ta dubi yaron, sannan ta ɗan karkata ta dubi taga. Na ce yau zan sha faɗa. Sai ta dafa gwiwa ta miƙe a hankali, ta ɗauki butarta.

"Ni kam alwalar nan ban gamsu da ita ba, bari in sake," ta ce. "Famfon nan na kusa kuma ba ya kawo ruwa sosai, na can bakin ƙofar asibiti zan je." Ta leƙa taga ta ɗaure fuska, da muryar faɗa. "Ke, kina tsaye a nan. Zo ki tsare mini kujerata kar a ɗauke."

Famfon kusa lafiyarsa ƙalau, a nan na wanke hannu da safen nan. Ta fita tana jan ƙafa, a baranda ta tarar da wata gwaggon yaron da ta kawo abin kari, ta ce ta zo ta riƙe mata buta. Haka ta kwashe kowa nata ta yi gaba.

Uwar ta shigo kamar wadda aka kira ofishin hedimasta. Sista Babba, wadda ba ta cika ba da aron labulenta mai taya ba, da kanta ta turo shi ta kare gadon. Matan gadajen kusa, ba wanda ya ce musu komai, kowace ta juya baya ta shiga sabgar ɗanta. 'Yar Sabon Gari ta tsaya a bakin labule tana gadi. Ni dole in gani, aikina ne, sai na tsaya ta wajen ƙafar gadon na ba uwar gefe, na kafa idona a fuskar yaron kaɗai.

Ta zauna a bakin kujerar. Ta gyara zanen gadon da ba abin da ya same shi. Ta taɓa robar hancin ta janye hannu. Ina jin muryar Malam daga can farkon baranda yana gaisawa da mutane, na san yana tafe. Sai ta sunkuya. Ta sa bakinta daidai kunnensa, ta ɗora yatsu biyu a ƙirjinsa tana ɗan bubbugawa, ta faɗi wani abu gajere mai ɗan kari kamar waƙa. Ba sunansa na yanka ba ne, ba kuma laƙabin da ake kiransa a gida ba. Wani suna ne nata ita kaɗai. Ban ji shi sosai ba, ko da na ji ma ba zan rubuta ba.

Ba abin da ya faru. Ta sake. Ta sake.

Ƙwayar idonsa ce ta fara motsi. A hankali ta baro silin ta gangaro gefen da muryar take. Na riƙe ƙarfen gado. Yatsunsa suka motsa a kan zane, suka lalubo bakin mayafinta suka damƙe. Leɓensa na ƙasa ya turo, fuskar ta yamutse, ya ja numfashi mai tsawo, sannan ya fasa kuka. Muryar a dishe take, ba ta da ƙarfi, amma kuka ne sosai, irin na yaron da aka bari ya daɗe yana jira kuma yanzu ya samu wanda zai kai wa ƙara.

Ikon Allah! Ni da nake ƙin hayaniya, ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba. Hawaye suka zubo mini ban ko share ba. 'Yar Sabon Gari ta leƙo, ta ɗaga hannu sama tana godiya da harshen gidansu, ta kama ni muka yi ta tsalle da fararen rigunanmu kamar 'yan firamare. Matan da suka juya baya duk suka juyo ana ta barka, wata har ta fara guɗa Sista Babba ta harare ta, alhali ita ma Sistar tana goge ido da bayan hannu. Uwar kuwa ta kifa fuskarta a wuyansa, kafaɗunta suna girgiza.

Malam ya shigo ya tsaya a ƙofa, ya karkata kai yana saurare, ya tambaya kukan wane gado ne wannan, don bai san muryar ba. Da aka gaya masa sai ya taho da sauri har makullansa suna ƙara. Ya duba yaron a nutse, ya sa uwar ta koma ɗaya gefen ta yi magana, idon ya bi ta can. Ya ce ji dai yana nan, gani ma da alama yana dawowa, sauran sai a hankali, kar mu yi gaggawar alkawari. Sannan ya tambayi dabarar wace ce. Na nuna 'yar Sabon Gari, ita ta nuna ni. Ya ce to daga yau a ƙara wannan a cikin gwaje-gwajen ɗakin, kuma maganar da ya ba ni in yi ta sauya, in je in yi wadda ta fi daɗi.

Hajiya ba ta dawo ba sai da ta tabbata an gama. Tun daga baranda ta jiyo kukan, aka ce a nan ta tsaya ta jingina da ginshiƙi ta daɗe tana hamdala. Da ta shigo, surukar ta zabura za ta tashi ta ba ta kujera, amma yaro ya riƙe mayafi gam, ya ƙara ƙarfin kuka. Yarinya ta rasa yadda za ta yi, ga kunya ga ɗa. Hajiya ta ajiye buta ta ce mata ta zauna abinta, ita bayanta ya gaji da kujerar robar nan, tabarma za ta shimfiɗa a baranda ta miƙe ƙafa. Ta leƙa fuskar jikan ta ce, "Ni ka share ko, maigida? Za mu haɗu a gida." Daga ranar uwar ce a bakin gado, Hajiya ce a taga.

Ya ci gaba da samun sauƙi kaɗan-kaɗan. Aka cire robar hanci ya fara karɓar kunu a cokali, ya zauna, ya fara ƙwace makullan Malam yana ƙin mayarwa. Ranar da aka sallame su tafiyarsa da ɗan tangaɗi, magana kuma ba ta gama dawowa ba, aka ba su ranar dawowa a riƙa duba shi. Kafin in bar sashen na gan shi sau ɗaya a layin ganin likita, yana tsaye da ƙafarsa yana jan zanen kakarsa yana nuna mai sayar da ayaba. Uwar tana bayansu riƙe da jaka, idonta a ƙasa kamar kullum. Da ta gan ni ta yi murmushi ta ce, "Likita, mai jikin ya warke." Ba da jimawa ba aka juya mu, ni aka kai ni wajen masu ciwon sikila, 'yar Sabon Gari aka mayar da ita ɗakin jarirai, muka koma haɗuwa a adaidaita.

Amma ranar da ya yi kukan nan, da wuri na koma gida, wajen la'asar, ruwa ya ɗauke gari ya yi sanyi. Na tarar da Inna a tsakar gida tana tankaɗe. Na zauna kusa da ita na ba ta labarin tun daga farko, har da alwalar Hajiya. Ta yi dariya a nan, ta ce tsohuwar ta san abin da take yi. Sai na yi ƙarfin hali na ce, "Inna, ni fa? In mu biyu ne a ɗaki, me kike ce mini?"

Ta ci gaba da tankaɗenta ba ta ɗago ba. Ta ce asibiti ya cire mini kunya, in tashi in ci abinci tun bai huce ba.

Na ci, na cinye tas har na ƙara. Na shimfiɗa tabarma a rumfa na kwanta, gajiyar kwanakin nan duk ta sauko mini, na rufe ido amma barcin bai ɗauke ni ba tukuna. Ƙannena sun tafi islamiyya, gidan ba kowa. Na ji Inna ta ajiye rariya, ta karkaɗe hannu, ta shiga ɗaki ta fito. Na ji ta lulluɓa mini zane saboda sauro. Ba ta tafi ba. Ta zauna a bakin tabarmar, ta ɗora hannunta mai ƙamshin gari a kaina, ta faɗi wani ɗan suna a hankali, sau biyu.

Na san sunan. Ban san na san shi ba sai da na ji. Na ci gaba da jan numfashi irin na mai barci, ban buɗe ido ba, don kar ta tashi.